Ƙahon Baba Gocha a Bikin Nutsa

'Yata Tsiala,

Gaisuwa mai yawa daga garinmu Telavi. Ya aiki, ya sanyin Jamus? Mu lafiya lau, in ban da likitan nan da ya raba ni da jar giya tun da zuciyata ta yi gardama.

Bikin jikata Nutsa ya matso. Tun kina goye ni ne tamada, jagoran walima, ni ke ɗaga ƙahon da ake shan giya da shi in sa wa kowa albarka. Yanzu maƙwabcina Shalva na yawo yana cewa kujerar ta zama tasa, wai ba a ɗaga ƙaho da ruwa. Na ji a rediyo jar giya na da sinadarin da ke kare zuciya. Ke da kika karanci magani, rubuto wa likitan ya sakar min mara.

Mahaifinki,
Gocha

Baba,

Na gaishe ka da kyau, ya ƙarfin jiki? Ba zan rubuta masa ba. Sinadarin da ka ji a ɓawon inabi da 'ya'yansa yake, kuma har yau masana ba su gama tantance amfaninsa ba. Abin da aka tabbatar shi ne giya ba ta jituwa da ƙwayoyinka. In ɓawon kake so, ai gonarka cike take. Ka matse baƙin inabinka, ka tafasa da ɓawonsa, kada ka bari ya kwana a tulu ya zama giya.

Fushinka ya fi min makokinka.

Taka,
Tsiala

'Yar gidana,

Sannu, sarkin taurin kai. Da aiki bai riƙe ki ba, da kin sha kallo.

Na dafa ruwan inabin, ya fito baƙi wuluk. Ban ɓoye ba, na miƙe na gaya wa jama'a abin da ke cikin ƙahona. Shalva ya ce, "Gocha ya koma shan nono!" Aka yi dariya, har da ni.

Na sa wa amarya albarka, na ambaci marigayiya uwarki da iyayenmu, suna bayan suna, ban yi tuntuɓe ba. Nutsa ta yi kuka. Kafin a kawo gasasshen nama Shalva na minshari, kansa a kan tebur. Ni na taka rawa da amarya, ni kuma na raka shi gida.

Jiya likita ya auna ni, ya ce zuciyar nan sai ta ga tattaɓa-kunne.

Ki huta lafiya,
Gocha, tamada