Disket Daga Kumasi

Nima, 3 ga Maris, 1997

Zuwa ga Yayana Iliasu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da abokan aikinka na Kumasi. Mu ma lafiya lau, in ban da ni da na kasa zama wuri ɗaya tun shekaranjiya.

Yaya, na yi ɓarna. Ka san littafin masallaci da Baba yake rubuta aure da suna da rasuwa a ciki tun 1958, wanda na yi wata biyar ina bugawa a kwamfutar da ka bar mini a shago. Ka kuma san bayan na gama, ruwan bara ya shiga ɗakin Baba ya mai da littafin kamar koko. To, ranar Asabar injin ya cika, na zauna share tsofaffin wasiƙun mutane, hannuna ya haɗa da fayil ɗin littafin. Har kwandon sharar kwamfutar na zubar, don tsabar tsafta irin tawa.

Baba bai sani ba. Kullum bayan La'asar sai ya leƙo ya gaya wa masu jiran aiki cewa tarihin unguwa yana cikin akwatin nan, ruwa ba ya cinsa. Ni kuwa sai in buɗe durowa in yi kamar ina neman wani abu.

In akwai dabara, don Allah ka gaggauta.

Ƙanwarka,
Abibata

Nima, 14 ga Maris, 1997

Yaya Iliasu,

Gaisuwa da fatan alheri. Yaya jikinka, zazzaɓin ya sake ka? Wasiƙarka ta iso, na karanta ta har ta fara yagewa. Na gane: fayil ɗin yana nan kwance, amma duk sabon abin da na adana zai iya hawa kansa. Na lulluɓe injin da zane, na ce wa mutane ba shi da lafiya, ina jiran disket ɗin nan, faifan da ka sa manhajar dawo da fayil a ciki, da ka ce za ka ba Jibirilu direba.

Sai ga shi ranar Laraba Allah ya yi wa Malam Alu rasuwa, aminin Baba. Washegari Baba da kansa ya shigo da dattawa uku, yana riƙe da takarda, wai a buga sanarwar addu'ar bakwai da sunayen dangi na unguwannin Maamobi da Kotobabi. Yaya, ka faɗa mini, wace 'ya ce za ta dubi ubanta a gaban dattawa, idonsa jawur, ta ce inji ba ya aiki? Da a ce na ƙi, da dole sai na faɗi dalili. Na yaye zanen na buga. Kuma na adana, domin ka san al'ada, ita za a sake fitarwa ranar arba'in a canja kwanan wata kawai.

Sau uku ina hawa trotro, motar haya, zuwa tasha. Jibirilu bai zo ba, wai motarsa tana wajen makaniki. Abinci ba ya shiga, ɗinkin da na ɗauko don in rage tunani ma na farke shi. Kada ka yi mini faɗa a wasiƙa, na riga na yi wa kaina.

Taka,
Abibata

Nima, 22 ga Maris, 1997

Yayana,

Sallama da gaisuwa. Ina fata wannan ta same ka cikin ƙoshin lafiya. Disket ya iso a naɗe cikin jarida yana ƙamshin goro da fetur.

Na bi takardarka layi-layi. Na fita daga Windows na koma baƙin allon nan da ba ya nuna komai sai ɗigo mai ƙiftawa. Na buɗe wa manhajar wuri a ɓangaren D kamar yadda ka ja kunne, ban taɓa C inda fayil ɗin yake kwance ba. Na kwafe ta, na kira sunanta, injin ya ce bai san ta ba. Ashe ban shiga wurin da na ajiye ta ba, ina tsaye a waje ina kwaɗa sallama. Da na shiga ta amsa. Ana cikin bincike aka ɗauke wuta, na fita na zagaya bakin gwata, magudanar ruwan unguwa, sau biyu, na dawo na sake daga farko.

Fayil ɗin ya dawo, Yaya. Na yi ta sauka ina karanta sunaye ina hawaye, har na iso ƙarshen 1969. Daga nan sai tarkacen alamomi da guntun sanarwar Malam Alu. Sunaye ba su ci gaba ba sai a 1974.

Na kira Baba na faɗa masa komai, ban rage ba. Na ce tunda shi ya rubuta, ya tuno mini in cike. Ya dubi allon. Sannan ya gaya mini abin da ban taɓa lura da shi ba: waɗannan shekarun ne aka kori baƙi daga ƙasar nan ya tafi Sakkwato, Malam Alu ne ya riƙe littafin. Ko suna ɗaya Baba bai halarta ba.

Bai zage ni ba, kuma wallahi da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Ya sa na sayo littafin rubutu, muka fara bin gidaje, shi da gwiwar nan tasa mai ciwo. Jiya gida goma sha ɗaya, muka samu suna huɗu. Da muka iso ƙofar Iya Hawa, matar marigayin, sai ya tsaya. Ɗaurin aurensu yana cikin abin da ya ɓata, ita kuma tana takaba. Ya ɗaga hannu zai ƙwanƙwasa, ya sauke, ya ce in bar musu shafi guda ba rubutu, mu wuce gida na gaba.

Ka sa mu a addu'a. Gobe unguwar Kanda za mu.

Ƙanwarka,
Abibata