Aikin da Inna Ta Ɓoye

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, kai da maiɗakinka da yara. Allah ya jiƙan Auta da rahama, ya ƙara mana haƙurin rashinsa. Mu nan da sauƙi, in ban da Inna. Saboda ita na ɗauki alƙalami, don abin da zan gaya maka bakina ya kasa furta shi a waya.

Ka san aikin Auta a gidan da ake tara karnukan titi: wanka, sharar keji da cire musu kaska. Da hannu yake cirewa ya murƙushe ta da farce, wai safar hannu tana hana shi jin inda ta maƙale. Kullum ina tsokanarsa cewa sai ya yi wanka biyu kafin ya taɓa kwanona. Inna kuwa kunyar aikin take ji, duk wanda ya tambaya sai ta ce a ofis yake.

Da zazzaɓi ya kama shi, mun ɗauka na sauro ne, aka yi ta ɗura masa magani, jiki na ƙara rikicewa. Ranar da aka kwantar da shi a asibiti ko magana ba ya iyawa, ni kuma na fita sayo allura. Likita ya tambayi Inna ko yana hulɗa da dabbobi. Ɗakin cike da 'yan dubiya, har da maƙwabciyarmu, sai ta ce a'a, ma'aikacin ofis ne. Sai bayan kwanaki likitar dabbobin wurin aikinsu ta zo gaishe shi, ta ga ƙananan tabo a wuyan hannunsa. Ta ce karnukansu na fama da cutar kaska, kuma cizon kaskar kan sa wa mutum ita. Nan take aka canza magani, amma lokaci ya riga ya ƙure.

Yaya, wallahi na rasa inda zan sa kaina. Inna ba ci ba barci, cewa take da bakinta ta kashe ɗanta. Na ce mata kwana ne ya ƙare, ko kallona ba ta yi ba. Maganarka kaɗai take ji, don Allah ka zo, kada mu yi rashi biyu. Yanzu duk wanda ya shigo ta'aziyya, tun bai zauna ba take gaya masa cewa Autanta karnuka yake yi wa wanka, kuma ya iya aikinsa.

Kawu da Goggo suna gaishe ka. Ka shafa min kan yara.

Taka,
Ƙanwarka