Ruwan Tafkin Sobhan Gazi

Litinin, 23 ga Mayu

Yau muka baro makarantar da muka fake wa guguwa. Rufin ɗaki ya tafi, kaji ko ɗaya babu. Duk wannan da sauƙi. Abin kuka shi ne tafkin unguwa: madatsa ta ɓalle, teku ta shige shi. Na ɗanɗana, na tofar. Dole a zuƙe shi tas da inji kafin ruwan sama ya sauka, in ba haka ba zartsi za mu sha har baɗi.

Alhamis, 26 ga Mayu

Gwamnati ta aiko da duro biyu na man dizal don zuƙe tafkin, man da ko a kasuwar Shyamnagar ba a samu yanzu. Kansilanmu Sobhan Gazi ya dafa duro aka ɗauke shi hoto. Ya ce da ni, "Caci," wato gwaggo, "jibi war haka ruwan daɗi za ki sha har ki ƙoshi." Yaron da na sani da majina a hanci, wai yau shi ke mini alkawari.

Asabar, 28 ga Mayu

Inji na ta ruri tun safe, amma a bayan katangar Sobhan. Tafkin gidansa yake zuƙewa, da manmu.

Na je ƙofarsa. Ya fito yana tauna ganyen pan kamar goro, baki jajir. "Gwaji muke yi, Caci. Inji sabo, ba a fara masa da babban aiki."

Allah ya isa tsakanina da kai, Sobhan.

Talata, 31 ga Mayu

An kwana ana ruwa kamar da bakin ƙwarya. Tafkin Sobhan ya cika da ruwan daɗi. Namu ya ƙara tumbatsa a kan gishiri. Man ya ƙare, in ji shi, a yi haƙuri. Tulunan da na tara sun cika, amma kwana nawa za su yi mana?

Ya zuba 'ya'yan kifi a nasa, ya sa kwaɗo a ƙofa.

Juma'a, 3 ga Yuni

Jikata Shiuli ta kama gudawa. Tun jiya take yi, idanunta sun faɗa. Uwarta Rehana tana ta kuka, uban kuma yana can birnin Khulna yana tura keken haya, bai ma sani ba. Ma'aikaciyar lafiya ta ba mu ƙunshin gishiri da sukari, ta ce a dama da ruwa mai tsabta. Na yi dariya a gabanta, ba don na so ba.

Akuyata ta mutu da rana. Ita ma daga tafkin ta sha.

Litinin, 6 ga Yuni

Na sami ragowar maganin ƙwarin da ɗana Jalil ya bari bayan feshin shinkafar bara, kwalba ta fi rabi. Ya isa. Ina so in ga kifin Sobhan sun taso ciki a sama, fari fat, tun daga wannan gefe har wancan. Ina so in ga bakin nan mai jan pan ya kasa rufuwa. Tunda mu ba mu sha ba, shi ma kada ya sha.

Akwai ɓaraka a katangarsa ta wajen ayaba. Ran Juma'a, maza suna masallaci.

Laraba, 8 ga Yuni

Shiuli ta zauna da kanta yau, ta ci shinkafa loma uku. Rehana ce ke samo ruwa, wai daga wata rijiya a ƙetaren kogi. Ban tambaya ba. Kwalbar tana ƙarƙashin gadona.

Juma'a, 10 ga Yuni

Dole sai na rubuta wannan.

Na shiga ta ɓarakar, kwalba a cikin zanena na sari. Sai ga mata a kan matakalar tafkin, sun fi goma, kowa da tulunta, suna ɗiba da sauri. Nurjahan matar Sobhan ce tsaye a ƙofa tana leƙen hanya, makulli a hannu. A tsakiyarsu ga Rehana.

Ta gan ni, ta yi tsuru. "Inna, kada ki yi faɗa. Na san ba za ki yarda mu sha nasa ba, shi ya sa na ce rijiya. Duk sanda ya fita Nurjahan ke buɗe mana."

Nurjahan ta ce, "Caci, kin zo ba tulu? Ungo nawa, yi sauri kafin a sallame."

Wannan ruwan ne a cikin Shiuli. Shi na sha da safe.

Na karɓi tulun da hannu ɗaya. Ɗayan yana danne da kwalba.

Asabar, 11 ga Yuni

Ban fita ba.

Lahadi, 12 ga Yuni

Da hantsi na ɗauki tuluna na bi ta babbar ƙofa, matan unguwa a bayana. Sobhan yana zaune da baƙi biyu daga ofishin gunduma, suna shan shayi. Ya miƙe. "Caci, ina zuwa haka?"

Na ce, "Tafkinmu, ɗana. Ba shi ne wanda aka zuƙe da man gwamnati ba? Ko a kawo wa baƙi hoton su gani?"

Bakin nan ya buɗe, ya kasa rufuwa. Da hannunsa ya cire kwaɗon, har da cewa mu taka a hankali, matakalar tana da santsi.

Ban yafe masa ba, kuma ba zan yafe ba. Gobe ma zan je, jibi ma, har kifinsa su san fuskata.

Maganin na fesa wa gautana, dama tsutsa ta dame su. In sun yi, zan aika wa Nurjahan 'yan kaɗan. Tulunta yana wurina, kuma ba a mayar da tulu wayam.