Ranar da Saƙon Inna Kulu Ya Ƙi Shiga

Zuwa ga Yayana, marigayi Bello,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da roƙon Allah Ya haskaka makwancinka, ƙanwarka Hafsatu ce ke rubuto maka daga shagonmu na Jega Firchin. A wannan shafin ka saba ba mutane labarin aikinmu, shi ya sa na kawo maganata nan.

Abin da ka kafa yana nan da rai. Ungozoma ta taɓa waya a ƙauye, saƙo ya shigo, ɗan kabu-kabu mafi kusa ya je ya ɗauko mai naƙuda zuwa asibiti. Kwamfutar Jega da ta Aliero da ta Maiyama duk suna aiki, kuma manhajar nan da ke tsaye a gabansu tana rarraba masu saƙonni don kada nauyi ya danne guda.

Ina tuna ranar da ka ɗora ta. Kana ɓare gyaɗa kana nuna mani rubutun cikinta, ka ce, "Wagga ba ta da mai ita, Hafsatu. Mutanen duniya suka taru suka rubuta, kowa na iya buɗewa ya gyara." Ka koya mani kunnawa da kashewa. Sauran ka ce sai bayan damina, kuma ba ka ga ƙarshen daminar ba.

Yaya, ranar kasuwar da ta wuce na ga tashin hankali. Da hantsi saƙonnin ƙarya suka fara kwararowa daga inda ban sani ba, babu suna, babu ƙauye. Manhajar ta yi ta rabawa kamar yadda ka saita ta. Kwamfutar Maiyama ta fara yin shiru, nauyinta ya koma kan sauran, ta Aliero ma ta bi ta. Ina zaune a kujerarka ina kallo.

Ana cikin haka Inna Kulu, ungozomar Jiga Birni, ta kira ni. Ta ce saƙonta ya ƙi shiga, ga mace a gabanta jini ya ɓalle. Ina jin nishin matar ta cikin wayar. Na yi ta kiran 'yan kabu-kabu, duk suna kasuwa da buhunan albasa, har Allah Ya sa Malam Sani ya ɗauka. Ya sauke kayan mutane a bakin hanya ya juya ya nufi Jiga Birni.

Abin da ya tsaya mani a rai shi ne, Inna Kulu tana da lambata. Sauran ungozomomin fa?

Na shiga dandalin masu manhajar da sunanka, na rubuta abin da ke faruwa da guntun Turancina. Wata mata daga wata ƙasa mai nisa ta amsa. Da farko ta ɗauka kai ne, ta ce sun daɗe ba su ji ka ba. Da na faɗa mata, ta yi mani ta'aziyya, sannan ta bi da ni layi-layi har muka sa manhajar ta riƙa tare duk mai turo saƙo ba ƙaƙƙautawa. Kafin azahar kwamfutocin suka dawo.

Mai naƙudar Inna Kulu ta sauka a asibiti, ɗiya mace. An ƙara mata jini, ta tashi. Na bi ungozomomi da kira har la'asar, ba wadda ta rasa kowa.

Amma tsoron bai bar ni ba. Baƙuwar nan ta ce masu irin wannan ɓarna sukan dawo, kuma manhajarmu ta tsufa, dole a ɗora sabuwa. Gobe da safe zan yi. Idan na kuskure layi ɗaya, ƙofar za ta rufe ga kowa, kuma naƙuda ba ta jiran a gyara. Innarmu tana tambayata me ya hana ni cin tuwo, na ce mata zafi ne.

Na yi kewarka, Yaya. Ko faɗan da kake mani in na taɓa maka waya, yau ina so.

Allah Ya gafarta maka, Ya sa kowace mace da ta isa asibiti ta dalilinka ta zame maka haske. Ni kuma Ya tsayar mani da hannu gobe. Ku da ke karantawa, ku sa matanmu a addu'a.

Taka ƙanwa,
Hafsatu