Rigar da ruwa ke shiga

Litinin, 1 ga Yuli
An buɗe lokacin nutson ciro jar ciyawar teku. Milud, ɗan da na haifa, ya ajiye mini baƙar rigar roba ta nutso. Wai in ban sa ba, ba zan hau jirgin ruwa ba. Jirgin da na ba shi da hannuna! Tun uwarsa ba ta san ni ba nake nutso a tekun Sidi Buzid da wando da tsohuwar suwaita.

Laraba, 3 ga Yuli
Na gwada ta a bayan duwatsu, kada a gani. Ruwa ya bi wuya ya gangara har gadon baya. Na ce wa Milud an cuce shi, rigar yoyo take. Ya ce, "Baba, haka aka yi ta. Ɗan ruwan da ya shiga, jikinka zai ɗumama shi." Wai akwai jiƙar da ke kashewa, akwai mai tsarewa. Jiƙa dai jiƙa ce.

Juma'a, 5 ga Yuli
Larbi, abokin nutsona na da, ya ce da ni a wurin shayi: "Si Bushu'aib, in sanyi ya matsa, sai ka saki naka ruwan a ciki, duk haka yaran ke yi." Aka kwashe da dariya. Na ce da shi, mai tsoron ruwan alwala ne zai koya mini teku? Matata Rukayya ta yi kuskus. Ban ci ba.

Asabar, 6 ga Yuli
Sun fita da jirgin babu ni. Ina tsaye a gaɓa kamar baƙo.

Lahadi, 7 ga Yuli
Na ɗauko tiyub ɗin mota da zan riƙe a ruwa, da ragar zuba ciyawa. Rukayya ta tare ƙofa: "Bara ma da kyar aka buɗe yatsunka." Bara daban. Gobe zan shiga ta duwatsu, in ga mai hana ni.

Talata, 9 ga Yuli
Hannun bai gama sakewa ba, rubutun sai haƙuri.
Jiya na shiga. Da fari lafiya, raga ta kusa cika. Sai yatsu suka ƙi lanƙwasuwa. Na taso, ga tiyub a gabana, na kasa riƙewa. Igiyar ruwa tana ja na wajen duwatsu. Na buɗe baki, haƙora kawai ke kaɗawa.
Ashe jirgin na kusa. Wai tun safe Milud ya ƙi yin nisa, bai ko shiga ruwa ba. Rukayya ce ta faɗa masa, na sani. Ya fizgo ni ta suwaita, ya rufe ni da jallabiyarsa. Bai yi faɗa ba. Da ma ya yi.
Fuskarsa jiƙe sharkaf. Ya ce feshin teku ne. Jiya ko iska babu.

Alhamis, 11 ga Yuli
Har yanzu ina nan a kan bakana, rigar yoyo take. Na dai ɗauraye ta da ruwan famfo, na shanya a inuwa, don an ce rana na cinye ta, kuma ba na son ɓarna. Milud ya gan ta a igiya. Ya ce, "Da asuba za mu fita, Baba."
Na ce kada ya makara.