Baba Ya Yarda Zai Hau Jirgi

São Carlos, 3 ga Satumba

Zuwa ga Yaya Ivanilde,

Gaisuwa mai tarin yawa daga gida, da fatan kina lafiya ke da mijinki Adalto da jaririnmu Benício. Allah ya raya mana shi, ya ƙara miki ƙarfin jiki. Mu nan lafiya lau. Gwaggo Zuleide tana nan da ciwon gwiwarta da tsegumin maƙwabta, babu wanda ya ragu.

Maganar idon Baba ce ta sa na zauna rubutu. Likita ya ce ganin nasa ba zai wuce watanni ba, in akwai fuskar da yake son gani, ya hanzarta. Wallahi na yi kuka a mota. Ke kuma ga jego, ba halin tasowa daga Lisbon. Kin san taurin kan tsohon nan: shekara talatin da biyar yana gyaran jirage, tun kamfaninmu bai wuce 'yan ƙananan jirage masu kai makiyaya Mato Grosso ba, har aka haɗe da na Chile aka sake fenti, amma bai taɓa hawa jirgi ba. Da na kawo zancen mu hau jirgi mu zo ya ga jaririn, cewa ya yi shi da ya san abin da ke cikin tukunya ba zai ci tuwon ba, kuma yaran yanzu da kwamfuta suke ɗaure noti. Ni ce fa yaran yanzun, Yaya, shekarata goma sha biyu da sifana a hannu!

Haushi ya sa ranar Talata na nemi izini na kai shi rumfar gyara, inda muke gama duba wani babban jirgi. Tsoffin abokansa suka yi ta tsokanarsa, wai ga kazar da ke koya wa shaho tashi. Bai kula su ba. Ya ce in kai shi gindin injin da na yi aiki a kai. Ido ba ya gani sosai, sai ya bi da yatsa kan wayar nan da muke murɗawa a noti don kada ya kwance, ɗaya bayan ɗaya, kusan rabin awa. Can ya tambaye ni wa ya koya mini irin wannan murɗi, don nasa ne sak. Na ce wani tsoho ne mai faɗan tsiya. Ya yi dariya har da goge ido.

A hanyar gida ya ce in dai wannan jirgin ne, mai sa hannuna a littafinsa, zai hau. Na bincika wurin masu tsara tafiya, shi ne zai tashi daga São Paulo zuwa Lisbon ranar goma sha tara. Tikitin ma'aikata ne, sai in an sami kujerar da ba kowa, amma sun ce watan nan ba cika yake yi ba. Ki taya mu addu'a. Ya riga ya haɗa jaka, rabinta garin kofi ne, wai na can ruwan wanke kwano ne.

Ki gaishe da Adalto da surukarki Dona Graciete. Gwaggo Zuleide da ƙanenmu Cleiton suna gaishe ku. Baba ya ce in kin zo tarbarmu ki tsaya inda haske yake, ki ɗaga yaron kusa da fuskarsa sosai.

Ƙanwarki mai kewarki,
Jurema