Fuskar Mainha

Caruaru, 19 ga Mayu

Zuwa ga yayata Jucélia,

Ina gaishe ki gaisuwar wadda ta daɗe ba ta ga 'yar'uwarta ba, da fatan takardar nan za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da mai gidanki Adeildo. Allah ya sa ciwon gwiwar nan ya sake ki, ya ƙara miki haƙuri da tsofaffin Lisbon da kike jinya. Mu nan lafiya lau muke. Ruwa ya sauka da kyau, masara ta yi a gonar kawu Zezito, har an fara rataye 'yan tutoci a titi saboda bikin São João da muke yi kowace shekara a ƙarshen watan Yuni. Yarana suna makaranta, kasuwa tana tafiya yadda kika san ta. Mahaifiyarmu Mainha tana ci tana sha, sukarinta ya daidaita. Kada ki yi mamakin ganin takarda maimakon saƙon murya. Ƙawarmu Lindalva ce za ta taho wajenku, na ce gara in ba ta a hannu, domin wayoyin gidanmu yanzu duk autarmu ce ke duba su, ni kuwa maganar da zan yi ba ta shiga waya.

Da farko ki taya mu murna, Yaya, Allah ya ba mu malama a cikin dangi. Edivânia, autar nan da ta kasa riƙe rumfar rigunan waya wata shida a jere, yau ita ce ake bin layi a gani. Ki zo kasuwa ki ga mata sun kewaye ta, kowace da waya a hannu, tana koya musu yadda ake zaɓen sabon wasan caca a buga shi cikin tsaro. Kuma wallahi ta iya bakinta. Wai kada ki taɓa duk abin da wani ya turo miki ya ce danna nan. Wai ki duba ƙarshen adireshin shafin ki tabbata mai lasisi ne. Lambar sirrin da za a turo miki kuwa, ko Fada ne ya tambaya a cikin coci kada ki ba shi. Sabon wasa, ta ce, sai kin yi kwana uku kina gwada shi da kuɗin ƙarya kafin ki sa masa na gaske, kuma ki yanka wa kanki iyaka tun kafin ɗan kiɗan nan ya shiga kanki. Na ga ta ɗauki rabin sa'a tana auna wasan bunsuru mai hular fata da na kada mai haƙorin zinariya, tana taɓe baki tana girgiza kai kamar mai zaɓa wa 'yarta miji. Ni shekara ashirin da biyu ina sayar da wandon jins a layi ɗaya, da yatsa biyu nake gane yadin da zai koɗe a wankin farko, amma ko sau ɗaya ba wanda ya taɓa kirana malama. Ko tana ci a wasan? Ta ce tana ci. Ni dai na ga sabon takalmi, na ga kujera mai lilo da ta kawo wa Mainha. Ranakun da aka cinye ta kuwa ba ta zuwa da labarinsu kasuwa.

Sai kuma ki taya mu murna ta biyu, domin ilimin bai zo shi kaɗai ba, ya zo da son uwa. Kin san tun rasuwar babanmu, shekara goma sha ɗaya ke nan, Mainha tana ɗakina na baya. Ni ke yi mata allurar sukari da safe, ni ke turara mata kuskus ɗin masara ba gishiri tana zagina a kai, ni ke tsayuwa a layin asibiti, ni ke yanke mata farcen ƙafa da ya yi tauri kamar ƙaho. A duk shekarun nan Edivânia ba ta zuwa sai Kirsimeti, da kwano wofi a jaka domin ta tafi da ragowar nama. To, tun watan Fabrairu sau biyu take zuwa a mako, wani lokaci sau uku. Ta shigo da ɗan kek a takarda, ta rungumi Mainha, ta zaunar da ita bakin taga inda haske ya fi kyau. Ta taje mata gashi, ta shafa mata hoda, ta cire mata tabarau, ta ce sarauniyata kalli nan, ƙifta ido, juya hagu a hankali, yi min murmushi. Sai ta ɗauke ta hoto. Ni kuwa ina tsaye da tsumman goge ƙasa ina jira su tashi in share inda kek ya zube.

Yaya, da kin ga Mainha ba za ki gane ta ba. Matar da ta bar sa ɗankunne tun ranar jana'iza, ta sa na tono mata su daga ƙasan akwati. Ta aike ni in sayo mata jan baki, ni, da kuɗin jins ɗina, domin ta yi wa wata kwalliya. Ta gaya wa maƙwabta, ta gaya wa matan coci, ta gaya wa mai kawo iskar gas, wai a cikin 'ya'yanta uku auta ce kaɗai ke son ajiye fuskarta. Ba zan yi miki ƙarya ba, abin ya ci ni. Na sha ganin mai saye ya taɓa kayana ya yaba, sannan ya wuce rumfar gaba ya biya, kuma ban taɓa bari fuskata ta nuna ba. Wannan kuwa har abinci ya daina yi min daɗi. Ranar Lahadin da ta wuce, muna cin rogo da busasshen nama, Mainha ta ajiye cokali ta ce bayan São João za ta koma gidan Edivânia da zama, wai an riga an yi wa ɗakin fenti ruwan ƙwai. Wai ni ma in huta, na yi ƙoƙari. Na yi ƙoƙari! Kamar mai aikin da aka sallama. Na yi murmushi na ƙara mata rogo.

Kin san halina, ba na barin maƙwabciyar rumfa ta fi ni ciniki ban leƙa na ga me take sa wa a gaba ba. Na ce a raina, idan waya ce ke sayo kujera mai lilo, kujera kuma ta sayo uwa, ai ni ma ina da waya. Ranar Talata da rana, kasuwa ta yi sanyi, na zauna bayan tulin wanduna na bi darasin malama ɗaya bayan ɗaya. Ban taɓa abin da kowa ya turo ba. Na duba adireshi, mai lasisi ne. Na zaɓi bunsurun nan mai hula domin ya yi kama da kawu Zezito. Na sa sunana, na sa lambar katin shaidata. Sai wayar ta buɗe ido, ta nuna min fuskata a cikin wani zobe, ta rubuta min in cire tabarau in nemi wuri mai haske. Na cire. Ta ce in kalli nan. Ta ce in ƙifta ido. Ta ce in juya hagu a hankali. Yaya, ban kai ga murmushin ba na kife wayar a kan wanduna. Wata mata tana tambayata kuɗin wando lamba arba'in da biyu, sau uku ta maimaita ban ji ta ba.

Na bar rumfa a hannun maƙwabciya na tafi layin malama, na jira ɗalibai suka watse, na ce mata ina son ganin hotunan Mainha, ko guda ɗaya, zan wanke in rataye a falo. Ta lalubi waya ta lalubi waya, ta ce sun goge. Na ce duka talatin da wani abu? Nan ta gane na gane. Kuma kin san ba ta ko sunkuyar da kai ba. Ta ce sunanta yana cikin masu karɓar tallafin yara na gwamnati, shafuka masu lasisi ba sa buɗe wa irinsu, ita kuma ba za ta je ta buga a shafin ɓarayi ba tana koya wa mutane tsaro. Shi ya sa ta buɗe da sunan Mainha. Duk sabon shafi yana son fuska, duk cire kuɗi yana son fuska, to laifinta ne da kamfani ya tsananta tsaro? Ta rantse ba ta taɓa ko sisin fanshon tsohuwa ba. Na ce yau ba ki taɓa ba, ranar da kada ya cinye takalmin nan fa, ga asusu da sunanta, ga fuskar a ɗaki mai ruwan ƙwai ba sai kin biya kuɗin mota ba? Ta ce min ke dai Gilvanete kishi ne zai kashe ki, tun muna yara ko tari na yi sai kin ce naki ya fi ƙara. Ta ce in je in faɗa wa Mainha in ina da zuciyar goge mata jan bakin. Abin haushin shi ne maganar kishin gaskiya ce, kuma ba ta hana tawa zama gaskiya ba.

Kwana biyu ina juya abin. Na so in ce miki tausayin Mainha ne ya sa na yi magana, amma ke yayata ce, kin san rabinsa so nake in ga kujerar nan ta daina lilo. Ranar Alhamis da la'asar na ɗebo ruwan ɗumi na sa ƙafafunta a roba, ina cuɗa su, na faɗa mata komai ba tare da na ɗaga kai ba. Na ce ba hoto ake ɗaukarta ba, mabuɗi aka mai da fuskarta. Na shirya wa kuka, har tsumma na ajiye a kusa. Sai na ji tana dariya. Ta ce ita ta yi shekara talatin tana sayar da garin rogo a kasuwar nan tun kafin a haife ni da wayona, a wace duniya ake ɗaukar mutum hoto ana ce masa ya ƙifta ido? Tun zuwa na biyu ta san akwai ciniki a ciki, kuma ta kai katin fanshonta wajen matar kawu ta ɓoye. Na ce to me ya sa kike zama? Ta ce domin kafin wayar ta kalle ta, sai yarinyar ta kalle ta tukuna. Sai ta riƙe mata haɓa, ta gyara mata gira, ta ce nan ya yi kyau nan bai yi ba. Sannan ta taɓa ni da ɗan yatsan ƙafa a cikin ruwan, ta ce ke kuwa 'yata, Allah ya yi miki albarka, kin san ƙafafuna fiye da likita, amma faɗa min, ɗankunnen da ke kunnena yau wanne ne? Yaya, ban sani ba. Da hannuna na tono su, amma sai da na ɗaga kai na duba.

Na ce mata ba adalci ba ne, mai wanke ƙafa ai dole ta sunkuya. Ta ce haka ne, ba ta ce na yi laifi ba, amma tafiya tana nan bayan São João. Da ta ga idona ya kawo ruwa, sai ta sassauta murya ta ce idan abin ya dame ni sosai, ai fuskar ba ta ƙarewa, ni ma in buɗe nawa wasan da ita, in riƙa zuwa gidan auta ranar Alhamis ina ɗaukarta. Har yanzu ban san ko ba'a take min ko da gaske take ba, domin ta faɗa tana gyara ɗankunne.

To ga abin da nake roƙonki. Ki kira ta ranar Lahadi bayan coci ki ce kada ta tashi daga gidana. Ke tana jin maganarki, tunda kina nesa kuma ba ki taɓa hana ta gishiri ba. Kada ki ce ni na sa ki. Ki ce mata gidan Edivânia akwai matakala, ki ce asibiti ya yi nisa, ki ce abin da kika ga dama, ke ce ƙwararriya a lallashin iyayen mutane. Kuma ki kira ta yadda za ta gan ki ki gan ta, ki yaba jan bakin, ni na sayo shi. Saura mako biyar, kuma ta riga ta fara naɗe zannuwan gado.

Ki gaishe min da Adeildo, ki ce har yanzu ina ajiye masa wando lamba arba'in da huɗu idan tumbin bai ƙaru ba. Ki gaida 'yarku Tainara da mijinta, da Lindalva idan ta huta daga hanya. Kawu Zezito da matarsa Marinalva suna gaishe ku, yarana Cleiton da Josiane ma haka. Edivânia ba ta san ina rubutu ba, amma na tabbata da ta sani da ta aiko da gaisuwa da shawara. Allah ya tsare ki, ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Ƙanwarki,
Gilvanete

Na manta. Idan kin kira kuma ta ƙi, ki tambayar min mutanen can da suka san kan waya: a cikin sababbin wasannin nan, wanne ne ya fi yawan neman a nuna masa fuska?